ASMUND LAERDAL, MAI 'YAN TSANAN DA YA SAUƘAƘE KOYON CETON RAI

Galibi in za a ba da tarihin mutanen da suka shuɗe, sarakuna akan zaɓo, ko mayaƙa, ko manyan malamai. Yau kuwa labarin wani ɗan kasuwa za mu ba ku, mutumin ƙasar Norwe, wanda bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuwa yi karatun likita ba. Sana'arsa ita ce yin 'yan tsana da motocin wasan yara. Amma duk wanda ya taɓa shiga ajin taimakon farko, aka shimfiɗa masa mutum-mutumin roba, aka ce ya hura masa numfashi ya danna ƙirjinsa, to, ya ci moriyar aikin mutumin nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Sunansa Asmund Laerdal.

Asalinsa da farkon sana'arsa

An haifi Laerdal cikin shekarar 1913. Norwe tana can arewacin Turai, ƙasa ce ta sanyi da duwatsu, teku kuma ya kutsa cikinta lungu lungu, har yawancin manyan garuruwanta a bakin ruwa suke. Garin da ya zauna ya yi aikinsa duka shi ne Stavanger, a gaɓar teku ta kudu maso yamma. A zamanin ƙuruciyarsa abin da aka san garin da shi shi ne kamun kifi da ɗura kifin sadin cikin gwangwani. Mutanen da abincinsu ke cikin ruwa kuwa ba sai an gaya musu baƙin cikin nutsewa ba.

Cikin shekarar 1940, tun bai cika shekara 30 ba, ya kafa ɗan ƙaramin kamfaninsa na buga katunan gaisuwa da littattafan yara. Ba a zaɓi lokaci mai daɗi ba, gama cikin watan Afrilu na wannan shekara sojojin Jamus suka mamaye Norwe, ba su fita ba sai watan Mayu na 1945. Duk da ƙuncin yaƙi bai rufe ba. Daga takarda ya shiga sassaƙa kayan wasa na katako, yana tafiya da abin da hannunsa ya iya samu. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan yaƙi sai ya juya ga wani abu wanda a lokacin sabo ne, watau roba mai laushi wadda ake narkarwa a zuba cikin mazubi ta fito da siffar da ake so. Ya yi ta gwaji har ya gwanance. A farkon shekarun 1950 ya fitar da wata 'yar tsana mai suna Anne, mai taushin jiki, wadda ba ta fashewa in ta faɗi, ta kuwa sami kasuwa ƙwarai. Daga baya ya ƙara da ƙananan motoci na roba masu suna Tomte, waɗanda iyaye suka so domin ba su ƙarje tebur ko kujera, aka sayar da miliyoyinsu a ƙasashe masu yawa. Cikin wannan hali ne masu koyar da agaji suka lura da gwanintarsa, suka nemi ya yi musu raunukan ƙarya na roba, waɗanda ake manna wa mutum lafiyayye domin ɗalibai su koyi ɗaurin rauni. Wannan ita ce ƙofar da ya fara shiga sha'anin taimakon farko ta cikinta.

Ranar da ɗansa ya faɗa ruwa

Akwai kuma wani abin da ya same shi a gida, wanda ya fi kowane ciniki tasiri a zuciyarsa. Cikin tsakiyar shekarun 1950, ɗansa Tore, yana ɗan shekara 2, ya faɗa ruwa. Uban ya tarad da shi, ya tsamo shi, ya yi ta fama har hanyar numfashinsa ta buɗe, yaro ya farfaɗo. Laerdal bai san wata dabara ta likita ba ran nan. Allah ne Ya yi da sauran kwanan yaron. Amma uban da ya taɓa riƙe ɗansa a wannan hali ba ya mantawa, shi ya sa da aka zo masa da maganar ceton wanda numfashinsa ya tsaya, ba a sha wahalar shawo kansa ba.

Abin da likitoci suka gano

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana yadda sha'anin yake a wancan zamani. Hura wa mutum numfashi baki da baki tsohuwar dabara ce, ungozomai sun daɗe suna yi wa jarirai, har cikin 1740 majalisar masana ta birnin Faris ta yi umurni da a riƙa yi wa waɗanda aka tsamo daga ruwa. Daga baya aka ƙyamace ta, aka koma ga waɗansu hanyoyi na motsa jiki. Akwai ta Silvester ta 1858, inda ake ɗaga hannuwan mutum ana saukewa. Akwai ta Schafer ta 1903, inda ake kifar da shi ana danna bayansa. Akwai ta Holger Nielsen, wani hafsan soja na Danmak, ta 1932, wadda ta haɗa danna baya da ɗaga hannuwa. Su ne aka yi shekaru ana koya wa sojoji da 'yan sanda da 'yan sikawut a duniya.

Cikin 1954 wani likita a Amurka, James Elam, ya nuna cewa iskar da mutum ke fitarwa ta isa ta rayar da wani. Dalili kuwa shi ne, iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuma ba ta rasa wajen kashi 16, jiki bai cinye duka ba. Sa'an nan wani likita, Peter Safar, haifaffen birnin Biyana wanda ke aiki a asibitin birnin Baltimo, ya ɗauki maganar ya gwada ta a fili. Ya sami waɗansu masu ƙarfin hali, likitoci da ɗaliban likita da masu jiyya, suka yarda aka ba su maganin da ke tsai da numfashi na ɗan lokaci, aka sa mutane na gari, har da 'yan kwana-kwana da 'yan sikawut, suna hura musu iska, ana aunawa. Abin da ya fito, wanda aka buga cikin 1958, shi ne tsofaffin hanyoyin nan ba su kai isasshiyar iska huhu, domin mutumin da ya suma harshensa kan koma baya ya toshe maƙogwaro. In kuwa aka karkatar da kansa baya, aka ɗaga haɓarsa, hanya takan buɗe, har ƙaramin yaro ya iya hura wa ƙato iska ta isa.

Ilmi ya samu ke nan, amma sai wata wahala ta taso. Yaya za a koya wa jama'a? Tsofaffin hanyoyin ana iya gwada su a jikin aboki cikin aji. Wannan kuwa ba ta yiwuwa. Mai lafiya yana numfashin kansa, ba zai kwanta a hura masa ba, ga ƙyama, ga tsoron cuta, ba kuwa za a riƙa sumar da mutane da magani a kowace makaranta ba. Dabarar da ba a iya koyarwa kuwa, kome kyanta, a cikin littafin likitoci za ta ƙare.

Haihuwar Resusci Anne

Cikin 1958 Safar ya zo Norwe, ya yi bayanin bincikensa a wani taro na likitocin sa barci na ƙasashen arewacin Turai, a wani wuri da ake kira Gausdal. Cikin masu sauraro akwai Bjorn Lind, likitan sa barci na asibitin Stavanger. Shi ne ya zama abokin aikin Laerdal cikin neman maganin wannan wahala, likita yana faɗin yadda jikin mutum yake, mai sana'a yana neman yadda roba za ta kwaikwaye shi.

Aikin ya ci wajen shekara biyu, domin abin da ake bukata ya wuce babbar 'yar tsana. Dole girmanta ya zama na mutum. Dole kanta ya riƙa karkata kamar na wanda ya suma, iska ta ƙi wucewa in ba a ɗaga haɓa daidai ba, domin wanda ya yi kuskure ya gane nan take. Dole ƙirjinta ya tashi in iska ta shiga, mai koyo ya gani da idonsa. Dole a iya tsabtace bakinta tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Dole kuma ta yi sauƙin ɗauka, malami ya sa ta cikin akwati ya tafi da ita wata makaranta, kuɗinta kuma kada ya fi ƙarfin masu saye. Kowane ɗaya cikin sharuɗɗan nan, in kun duba, tunani ne na mutumin da ya san abokin cinikinsa.

Sauran fuska. Laerdal ya ga in fuskar ta zama abin tsoro mutane za su ja da baya, ya kuma yi tsammanin maza ba za su so sa bakinsu a na siffar namiji ba. Sai ya zaɓi fuskar wata yarinya. A ƙasashen Turai an daɗe ana sayar da wata siffar fuska da aka zuba da farar ƙasa, ana ratayawa a bango, idanunta a rufe, da ɗan murmushi. Labarin da ake bayarwa a kanta shi ne, ta wata budurwa ce da aka tsamo gawarta daga kogin Sen na birnin Faris wajen ƙarshen shekarun 1880, ba a kuwa taɓa sanin sunanta ba. Wannan fuska mai natsuwa ita ya ɗauka. Suna kuma ya ba ta na 'yar tsanarsa ta farko, ya kira ta Resusci Anne, watau Anne ta farfaɗarwa. Cikin 1960 aka fito da ita.

A wannan shekara dai, cikin watan Yuli, waɗansu masana uku na asibitin Johns Hopkins a Baltimo, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka buga wani binciken. Sun nuna cewa in zuciya ta tsaya, ana iya tura jini ya zaga jiki ta danna ƙashin ƙirji da hannu, ba sai an tsaga ƙirjin ba kamar yadda ake yi a da. Cikin marasa lafiya 20 da suka ba da labarinsu, 14 sun rayu. Aka haɗa dabarun biyu, hura numfashi da danna ƙirji, suka zama hanya ɗaya, wadda ake kira CPR a taƙaice. Danna ƙirji kuwa ya fi hura numfashi haɗarin gwadawa a jikin mai lafiya, gama yana iya karya haƙarƙari. Saboda haka Laerdal ya koma ya gyara Anne, aka sa mata sifirin cikin ƙirji wanda ke lotsawa yana dawowa kamar ƙirjin mutum.

Daga masana'anta zuwa makaranta

Nan ne labarin ya shafe mu, mu ma'aikatan ilmi. Mutanen Norwe ba su ɓoye Anne a asibiti ba. Bankunan ajiya na ƙasar suka sayi ɗaruruwanta suka raba wa makarantun firamare, aka koya wa malamai, malamai suka koya wa yara. Likita Lind ya bi sawun abin, ya buga sakamakonsa cikin 1961, ya tabbatar cewa 'yan makaranta suna iya koyon dabarar sosai in sun gwada da hannunsu da bakinsu. Cikin watan Agusta na 1961 aka yi babban taron masana na ƙasashe a Stavanger, suka ba da shawara a koya wa kowa hura numfashi, har da yara. Danna ƙirji kuwa a lokacin sun ce a bar wa ma'aikatan lafiya da masu aikin ceto tukuna. Sai cikin shekarun 1970 aka sakar wa jama'a duka, bayan da birnin Siyatil na Amurka ya fara koya wa mazaunansa dubu dubu, aka ga amfanin abin.

Laerdal bai tsaya ga mutum-mutumi ɗaya ba. Ya yi na jariri, ya yi jakar roba da ake matsawa ta tura iska huhu, ya yi ɗan murfin fuska da ke shiga aljihu, wanda ke raba bakin mai ceto da na wanda ake ceto. Cikin 1971 ya fitar da Anne mai rubutawa, wadda ke fitar da 'yar takarda tana nuna ko dannawar ɗalibi ta kai zurfin da ake so, ko iskarsa ta isa, domin jarrabawa ta tashi daga ganin dama ta koma ga shaida. Bai kuma manta da sana'arsa ta farko ba. Cikin 1968, da Safar ya rubuta littafin koyar da wannan dabara domin haɗaɗɗiyar ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, kamfanin Laerdal ne ya buga shi, aka juya shi cikin harsuna da yawa.

Cikin 1978 ya yi abin da ba kowane ɗan kasuwa zai iya ba, ya daina yin kayan wasa ɗungum, alhali su ne suka kafa shi, ya mai da ƙarfin kamfanin duka ga kayan ceton rai. Cikin 1980 ya ware dukiya ya kafa gidauniya mai tallafa wa masu bincike kan jiyyar gaggawa. Ya rasu cikin watan Nuwamba na 1981, yana da shekara 68. Wanda ya gaje shi wajen riƙon kamfanin kuwa shi ne Tore, yaron nan da ya tsamo daga ruwa.

Aikin bai mutu da mai shi ba. Cikin 1990 masana suka taru a Utstein, wani tsohon gidan ibada kusa da Stavanger, suka tsara hanya ɗaya ta rubuta labarin waɗanda zuciyarsu ta tsaya, domin a iya gwada sakamakon wannan gari da na wancan. Cikin 2010 aka kafa wani reshe wanda ba riba yake nema ba, domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Shi ne ke yin wani mutum-mutumin jariri mai araha, NeoNatalie, wanda ake cika shi da ruwa ya yi nauyin sabon haihuwa, ungozomai suna koyon farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba. A Tanzaniya, wani bincike da aka buga cikin 2013 ya nuna cewa a asibitoci 8 da aka yi wannan koyarwa, mutuwar jarirai cikin kwanan farko ta ragu da kashi 47 cikin 100.

Abin da za mu ɗauka

To, jama'a, me ya sa muka tsawaita labarin mai 'yan tsana? Na farko, domin ya nuna mana cewa ilmin da ake yi da hannu, da hannu ake koyonsa. Ƙa'idar yau ba ta da wuyar faɗi. In babban mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi sosai, a aika neman taimako, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya, bayan kowace dannawa 30 a hura masa numfashi sau 2. In daga ruwa aka tsamo shi, da numfashin ake farawa. Yaro mai kaifin kai zai haddace wannan kafin a tashi tara. Amma ranar da abin ya auku, ga kuka, ga taron jama'a, hadda takan gudu, abin da hannu ya saba shi ke saura. Lokaci kuwa kaɗan ne, gama ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa in ta yi minti 4 zuwa 6 ba jini mai iska. Kada wanda ya karanta wannan shafi ya ɗauka ya iya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na biyu, domin masu sha'awar su mai da koyar da taimakon farko sana'a. Ba laifi ba ne mutum ya ci abinci da aikin alheri, Laerdal ma sayarwa ya yi, ba kyauta ya raba ba. Amma a dubi yadda ya bi. Bai shiga abin da bai sani ba shi kaɗai, ya jingina da likitoci, duk sa'ad da ilminsu ya ƙaru ya gyara kayansa. Haka ya wajaba ga mai son buɗe aji: ya fara koyo wurin waɗanda aka yarda da su, kamar ƙungiyar Red Cross, ya sami shaidar koyarwa, ya riƙa sabunta ta. Ya tanadi mutum-mutumi da abin tsabtace shi kafin ya karɓi kuɗin kowa. Kada ya cika aji har waɗansu su tashi ba su taɓa gwadawa ba. Kada ya ba da takardar shaida ga wanda bai iya ba, ko ɗan wane ne, domin takardar nan wata rana ran wani za a dogara mata. Ya kuma kira ɗalibansa su dawo su maimaita, gama an tabbatar cewa gwanintar tana dusashewa cikin 'yan watanni in ba a tisawa.

Na uku, domin ku malaman makaranta da akawuna. Kun san abin da damina ke zuwa da shi. Kududdufai sukan cika, rafuka su kawo, yara su tafi wanka, kwale-kwale ya kife a Kwara ko a Binuwai. Sau da yawa akan tsamo yaro da sauran rai, amma sai a ɓata mintocin nan masu tsada ana juya shi ƙafa sama, ana matsa cikinsa wai ruwa ya fita, alhali iska yake bukata. Asibiti yana da nisa, wanda ke kusa shi ne likitan wannan lokaci, sau da yawa kuwa malami ne, ko ɗalibi, ko mai wucewa. Mutanen Norwe sun fara da mutum-mutumi a makarantun firamare da malamin da ya yarda ya durƙusa ya koya. Babu abin da zai hana makarantu biyar ko shida na gunduma ɗaya su haɗa kuɗi su sayi guda, akwatin ya riƙa zagayawa, kowane aji na manya ya sami rabonsa kafin ruwan farko ya sauka. Akawun da ke tsara kasafin kuɗi kuma, in takardar neman wannan ta zo teburinsa, ya tuna da abin da ke cikinta kafin ya tura ta ƙarƙashin fayil.

Allah Ya kiyashe mu da 'ya'yanmu daga haɗari, in kuwa ya auku, Ya sa a sami mai sani a kusa, amin.